Mma, Ka Zauna

Wadda ta tambaye ni wai zuwa bakin teku da wannan zafin yana da wata riba, 'yar'uwa gyara zama. Da ranar Asabar kika yi min tambayar, da na ce miki babu komai a ciki sai gumi da yashi a abinci. Yau kam ban san me zan ce miki ba. Bari in ba ki labarin Lahadinmu, ki yanke hukunci da kanki.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa dandalin nan, sunana Safiatou. A Concourse Village muke zaune cikin Bronx, ni da Inna da Baba. 'Yan Maraɗi ne mu, ina ƙarama aka kawo ni ƙasar nan. Baba yana sayar da turare da huluna a titin 125th, Inna kuma kitso take yi, tsayuwar kitson ce ma ta cinye mata gwiwoyi. Wanda nake so sunansa Abdul-Hanan, ɗan Nima ne ta Accra, yana zaune gidan yayarsa a Stapleton, can tsallaken ruwa a Staten Island, yana aiki a gidan kula da tsofaffi. Dogo ne, baƙi, ga wushirya, ga haƙuri kamar ƙasa. Ina son sa, ba zan ɓoye muku ba.

Matsalar ta faro ne tun ranar da ya fara zuwa gaisuwa. Ya cire takalmi tun daga ƙofa, ya durƙusa har ƙasa gaban Inna, ya ce, "Mma, ka wuni lafiya? Yaya ƙafan ka?"

Inna ta waiga bayanta, ta waigo. "Safiatou, da wa yake? Akwai wani namiji bayana ne?"

Kun ji fa. Hausar zangon Ghana ba ruwanta da mace. Kowa "ka" ne, kowa "shi" ne, uwa ko uba, amarya ko ango. Ni tun tuni na saba, in ya ce min "na yi kewan ka" har wani daɗi nake ji. Amma Inna? Yana fita ta ɗaure fuska.

"Yaron da bakinshi bai rarrabe mace da namiji ba, shi zan ba ɗiyata? Jikokina su tashi suna ce mini Kaka ka zo? Allah shi kiyaye."

Na san Hausar hujja ce kawai. Tsoron baƙo take yi, ta fi son wanda ta san gidansu tun daga kaka. Na je wajen Baba, ya ɗaga hannu biyu. "Ni yaron ya yi mini. Amma in uwarki ba ta ce to ba, ni ma bakina a rufe."

Haka muka yi ta ja har bazara ta shigo. Sai wan Abdul-Hanan da ke Columbus, wani gari mai nisan gaske, ya samo masa aiki a can, kuma asubar Litinin zai kama hanya. Ranar da ya gaya min a waya, muryarsa ta yi ƙasa sosai.

"Safiya, ina son ka, Allah ya sani. Amma ni ba na satan yarinyan mutane. In Mma bai yarda ba, gara in tafi. Ba zan iya ina gari ɗaya da kai wani ya aure ka ba."

"To me za ka yi?"

"Ka ba ni Lahadi. Zan kai su bakin ruwa. Ruwan gishiri yana taimakon gwiwa, kakana da shi yake yi."

Na ce inna lillahi. A duk dabarun duniya, teku? Inna ta haura shekara ashirin a New York, ba ta taɓa ganin teku ba sai ta tagar jirgin sama, shi ma rufe ido take yi. Da na kai mata maganar cewa ta yi, "Mu 'yan tudu ne. Ruwa ba sa'an kwando ba ne." Sai dai satin nan zafi ya yi zafi, na'urar sanyin tagarmu sai gurnani take ba iska, Baba kuma ya riga ta amsawa, "Bon, za mu tahi. Mutum ya gayyace ka, ba ka watsa mishi ƙasa a ido."

Daga ranar na buɗe makaranta a waya. Saƙon murya ke tafiya, saƙon murya ke dawowa.

"Ce ki zauna."

"Ka zauna."

"Ki! Ki! Kamar kifi!"

"Ki zauna. Ki ci. Ki sha. Ei, Safiya, wannan ki ɗin ya fi ɗaga tsoho daga gado wuya."

Bawan Allah a jirgin ruwa yake haddacewa, a wurin aiki yake haddacewa. Ya ce har wata tsohuwa Baturiya da yake kula da ita ta fara cewa "ki ci" in an kawo abinci.

Ranar Lahadi Inna ta fito kamar mai zuwa suna. Riga da zani na atamfa shuɗiya mai zanen ganye, ɗaurin ɗankwali ya tashi sama, mayafi mai duwatsu, 'yan kunnen zinarinta na Makka, har da turaren wuta ta yi wa kayan. Na ce, "Inna, yashi ne fa wurin." Ta ce, "To tsirara kike so in tahi?" Ni doguwar riga mara nauyi na saka ruwan toka, da ƙaramin hijabi da baƙin gilashi. Baba jallabiya da hula, da 'yar rediyonsa a hannu.

Abdul-Hanan na ƙasa yana jira da motar mijin yayarsa. Farar riga, wando har ƙasan gwiwa, aski sabo. Ya buɗe ƙofar baya, na ga yana motsa leɓe kamar mai bitar hadda.

"Mma, sannu da fitowa. Ki shiga."

Wayyo daɗi! Kamar in yi guɗa a titi. Inna ma sai da girarta ta ɗaga. Shi kuwa da ya ga ya ci, sai ƙarfin gwiwa ya zo masa, ya juya ya buɗe ƙofar gaba.

"Baba, ki zauna a nan."

Tsit. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Baba ya dube shi, ya dubi jallabiyarsa, sai ya fashe da dariya har yana riƙe ƙofa. "To madalla, yau ni ma na zama Hajiya." Inna ta ja tsaki ta shiga mota.

Hanya kuma kada ku tambaya. Akwai bakin ruwa kusa da mu a Bronx, amma ya ce wannan tafki ne, shi teku na gaske zai nuna wa Mma, sai Rockaway. Ashe duk garin sun yi shawara ɗaya da mu. Motoci bamba da bamba, ba gaba ba baya. Muna tsakiyar cunkoson na'urar sanyin motar ta yi tari biyu ta mutu. Muka sauke gilasai, iskar da ke shigowa kamar daga bakin murhu. Hodar Inna ta fara gangarowa.

"Mutum da gidanshi, da fankarshi, a ɗauko shi a gasa a titi," in ji ta, tana fifita da gefen mayafi. "Wai shan iska. Ina iskar?"

Abdul-Hanan ya saki sitiyari. Ya miƙo hannu baya da robar ruwa mai ƙanƙara da ƙaramin tawul a jiƙe, ashe ya tanade su a kula kusa da ƙafar Baba. Inna ta karɓa ba godiya, amma ta ɗora tawul ɗin a wuya.

Da muka isa, wurin ajiye mota ya yi nisa da ruwa. Ya hana kowa ɗaukar komai. Kula biyu, lema, kujeru, tabarma, jarkar ruwan alwala da buta, shi kaɗai ya yi ta jigila yana haɗa gumi. Mu kuma muka shiga yashi, takalmin Inna mai tsini na nutsewa, tana ganin matan da ke kwance da 'yan ƙyallaye tana jero a'uzubillahi kamar mai jan carbi.

Amma jama'a ku ji abin da yaron nan ya yi. Ya wuce da mu can gefe inda mutane suka yi sauƙi. Ya kafa lema, ya ɗaura wani babban zanin gado daga jikin lemar zuwa sanda, ya zama labule tsakaninmu da 'yan ƙyallaye. Ya shimfiɗa katako ƙarƙashin kujerar Inna don kada ta nutse ta wahalar mata da gwiwa wajen tashi. Ya juya kujerar ta fuskanci ruwa. Ya duba alƙibla ya ja layi a yashi da ƙafa. Ni dai ina tsaye ina kallon sa, zuciyata na cewa Safiatou, in kika rasa wannan kin yi asara.

Inna ta zauna tana shirin ci gaba da mita, sai idonta ya sauka a kan tekun. Maganar ta tsaya. Ruwa ne iya ganinka, yana tasowa fari yana zubewa, ga wata iska mai sanyi da ta ɗaga mata mayafi. Ta daɗe tana kallonsa.

"Ina ƙarshenshi?" ta tambaya a hankali, ba ta dubi kowa ba.

Abdul-Hanan ya auna kalmar kafin ya sake ta. "Mma, in... kin miƙe haka, sai gida."

"Maraɗi ba ta da teku."

"To sai Accra. Daga can a hau mota."

Na rantse gefen bakinta ya motsa. Ta yi maza ta gyara ɗankwali.

Aka buɗe abinci. Yayarsa ta dafo wace, wato shinkafa da wake irin nasu, da baƙin yajin nan shito da soyayyen kifi. Inna ta ce ita dambun zogalenta za ta ci. Iska ta kwaso yashi ta zuba a dambun, tana taunawa ana jin ƙaras ƙaras. Can na ga hannunta ya faki ido ya shiga farantin Baba. Ya sake shiga. Baba ya tura mata farantin gaba ɗaya yana kallon sama kamar bai san me ake ba.

Bayan mun yi azahar, Inna ta dafa kujera ta miƙe. "Bari in taɓa shi, kada in mutu ban taɓa ba."

Ta cire takalmi da mayafi. Na riƙe mata hannu, Abdul-Hanan na biye da mu daga nesa kaɗan.

"Mma, abu ɗaya," ya ce. "Kar ki ba ruwa baya. Ko yaushe ido a kan shi."

Ruwan farko da ya taɓa mata yatsu sai da ta yi ƙara ta ƙanƙame ni. Na biyu ta tsaya. Na uku ta ƙara taku, ya kai mata ƙwauri. Sai na ji wani abu da ban taɓa ji ba tunda aka haife ni, Inna na ƙyalƙyala dariya kamar 'yar yarinya. Ta saki hannuna, ta ɗebi ruwan tana shafa wa gwiwa, ta ɗanɗana ta tofar. "Kai! Wa ya zuba gishiri haka?" Ni kuma na ja baya na ciro waya zan ɗauke ta hoto. Daɗi ya kwashe ta, ta juya gaba ɗaya tana ɗaga wa Baba hannu.

"Alhaji! Taho ka ji sanyi!"

Ban ga tasowarsa ba. Na dai ga farin kumfa ya rufe ta, ƙafafunta sun tashi. Da ruwan ya ja baya, ya tafi da zaninta. Inna na zaune a ruwa daga ita sai riga da ɗan fatari da ya manne a jiki, tana tari, ga wani ruwan na tahowa, ga mutane sun fara juyowa. Ni kuwa ina tsaye, waya a hannu, baki buɗe kamar wata sakarya.

Kafin in ƙifta ido ya isa. Ya sa hannu ƙarƙashin hammatarta ya ɗaga ta cak, yadda yake ɗaga tsofaffinsa, ya kafa ƙafafu. Amma fuskarsa, 'yan'uwa, fuskarsa na can gefe, ya murɗe wuya har jijiya ta fito, idanu a runtse gam. Ruwa na biyu ya zo ya make shi a fuska, bai buɗe ba, bai juyo ba. Sai ihu yake.

"Safiya! Ka kawo zani! Ka rufe shi! Mma ka riƙe ni, kar ka sake! Safiya ka yi sauri ka rufe Mma!"

Duk karatun sati guda ya bi ruwa. Na ruga na fizgo labulen nan na jikin lema, Baba na biye da ni hula a hannu. Ko da na dawo ya jawo ta inda ruwa bai kai gwiwa ba, ya juya mata baya, ya tsaya ƙiƙam tsakaninta da mutane, hannunsa ɗaya a miƙe ta baya tana riƙe da shi. Na naɗe ta tun daga ƙirji har ƙasa.

"Ka gama?"

"Na gama."

Sai a lokacin ya buɗe ido, kuma ba mu ya kalla ba. Ya faɗa ruwa ya bi shuɗiyar atamfar da ke lilo can gaba, ya kamo ta, ya matse, ya ninke, ya miƙo min kansa a ƙasa.

Inna ba ta ce komai ba. Ba ta ce komai ba muna tattara kaya, ba ta ce komai ba a mota. Ta lulluɓe har fuska da mayafi ta juya wa kowa ƙeya. Cunkoson dawowa ya fi na zuwa, ga kaya a jiƙe, ga yashi har cikin kunne, ko rediyon Baba ba a kunna ba. Ina hango idon Abdul-Hanan ta madubi, ya yi ja.

A ƙofar gininmu ya sauke mana kaya, ya durƙusa a kan siminti gaban Inna.

"Mma, kafra, ka yafe mini. Laifina ne. Ni na kawo ka... na kawo ki..." Maganar ta sarƙe.

Inna ta raɓa ta gefensa ta shige, ko kallo bai samu ba. Baba ya dafa masa kafaɗa ya ce Allah shi yi albarka, ya bi ta. Ya miƙe a hankali yana kakkaɓe gwiwa.

"Na gane, Safiya. Na kunyata shi a gaban mutane. Allah ya ba ka wanda ya fi ni."

"Abdul, tsaya mana!"

Ya ja mota ya tafi.

Na shiga banɗaki na kunna famfo na yi kuka mai isata. Haushin Inna nake ji, haushin teku, haushin kaina da na saki hannunta saboda hoto. Rana ta yi sanyi sannan na ji ta kira ni. Tana zaune bakin gado ta sauya kaya, ta miƙo min man zafi. Na durƙusa ina shafa mata a gwiwa, ban ɗago ba, hawaye na ɗiga a hannuna.

"Ya gani?" ta ce.

"Me?"

"Kin san mi nike nuhi."

"Wallahi Inna bai gani ba. Idonsa a rufe yake."

"Na sani." Ta miƙo min ɗaya gwiwar. "Ina cikin ruwan nan ina haɗiyar gishiri, ba mutuwa nike tunani ba, huskarshi nike kallo in ga ko zai waigo. Ruwa ya mare shi, bai waigo ba." Ta ja numfashi. "Bakinshi ne bai san mace ba. Idonshi ya sani."

Na saki kwalbar man. "To Inna me ya sa kika ƙi kula shi? Ya durƙusa miki a titi!"

"Ke, da wane ido zan dube shi? Yaron da ya ɗauke ni kamar jinjira, ba zani? Kunya ce ta hana ni, sakarya. Ba ni wayar nan."

Na buɗe mata sunansa. Ta danna, ta kai wayar bakinta kamar yadda take yi wa 'yan'uwanta na Maraɗi.

"Abdul-Hanan, Mma ce. Ka ce ma manyanka su zo su ga Alhaji. Kuma ka kira ni yadda bakinka ya iya, na ji na amsa."

Ta miƙo min. Na zuba wa saƙon ido. Alamar saƙon guda ce, ba ta zama biyu ba, wato bai isa ba. Na kira, ba ta shiga. Na sake kira, haka. Baba da ke tsaye bakin ƙofa ya yi gyaran murya.

"Ai wayarshi ta sha ruwa. Tana aljihunshi ya faɗa. Na ga yana girgiza ta a mota, ko haske ba ta yi."

Ba ni da lambar yayarsa, ba ni da ta wansa, adireshin gidan kawai na sani. Sai a lokacin na gaya musu maganar Columbus, da abin da ya ce zai yi in Inna ba ta yarda ba.

"Asubar yaushe?" in ji Inna.

"Ta gobe."

Ta dube ni, ta dubi Baba. Sai ta dafa gado ta miƙe, gwiwar na ƙara, ta buɗe durowa ta ciro wani zanin. Ta ɗaura, ta ƙara ɗaurewa, ta kawo igiya ta ɗora a kai ta ƙulle tamau.

"Hajiya," in ji Baba, "ina aka taɓa yi, uwar ɗiya ta tahi gidan saurayi?"

"Kai za ka shiga, ni in tsaya waje. Sa hularka."

"Inna," na ce, "Staten Island ne fa. In mun sauka jirgin ƙasa, sai an hau jirgin ruwa an tsallaka."

Ta yafa mayafi, ta ɗauki jakarta, ta nufi ƙofa.

"Ruwan da ya riga ya kwance mini zani gaban jama'a, mi ya rage zai yi mini? Wuce mu tahi."